An mayar da mu aikin karɓa-karɓa: yaya zan tsara barci da lokacin hutuna?

Sabon shiga:
Assalamu alaikum. Wurin aikinmu ya koma tsarin karɓa-karɓa: mako guda da safe, mako guda da yamma, sannan mako guda da dare, daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe. Aikin kansa bai gagare ni ba, amma duk abin da na saba yi bayan an tashi ya wargaje. Motsa jiki ya tsaya, karatun da nake yi da yamma ya bi sahunsa, ranar hutu kuwa a kan gado take ƙarewa, kuma in tashi da gajiya kamar ban kwanta ba. Ina roƙon waɗanda suka daɗe a irin wannan aiki su ba ni shawara.

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka fara gyara barci, domin sauran abubuwan a kansa suka dogara. Jiki yana da agogonsa da ke zagayawa cikin kimanin awa 24, kuma haske ne ke saita shi. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin melatonin mai kawo barci, haske kuma yana danne shi. Agogon nan ba ya gusawa fiye da awa ɗaya ko biyu a rana, shi ya sa kafin ka saba da dare an riga an mayar da kai safe. Idan ka taso da safe ka sa baƙin tabarau a hanya, in dai ba kai ne ke tuƙi ba, ka rufe taga da labule mai kauri, ka kashe ƙarar waya, ka kuma sanar da mutanen gida cewa wannan barci ba lalaci ba ne. Kofi kuwa ka sha shi a farkon aiki, saboda bayan kimanin awa 5 rabin sinadarin caffeine da ke cikinsa, mai hana barci, yana nan a jini. Babba yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9, kuma idan bai samu a jere ba, ana iya cike shi da wani barcin kafin fita aiki.

Tsohon mai gadi:
Maganar Malama gaskiya ce, sai dai ban yarda a jingine komai har sai barci ya daidaita ba, domin a wannan tsari ba zai taɓa daidaita gaba ɗaya ba. Ka daina ɗaure al'amuranka da agogon bango, ka ɗaure su da tashinka daga barci. Maimakon ka ce za ka motsa jiki da ƙarfe 5, ka ce za ka yi bayan ka tashi ka ci abinci, ko da rana tsaka ne. A makon dare ka rage karatun zuwa rabin awa, amma kada ka yanke shi, domin abin da aka ajiye gaba ɗaya yana da wuyar ɗaukowa. Ranar da ka gama daren ƙarshe kuma, ka yi barcin awa 4 kawai ka tashi. Za ka wuni a kasalance, amma da dare barci zai ɗauke ka, washegari kuma ta zama taka da iyalinka.

Jami'in kula da ma'aikata:
Jerin da ka ambata, safe zuwa yamma zuwa dare, shi ne mai sauƙi, domin jinkirta barci ya fi wa jiki sauƙi a kan gaggauta shi, don haka idan aka so juya shi ku nemi a bar shi yadda yake. Ka kuma lura da tazarar da ke tsakanin tashi daga aiki da komawa. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tanadi hutun awa 11 a jere a kowace rana, kuma ko inda babu wannan doka, ma'auni ne da ya dace ku kai gaban shugabanninku, tare da neman a riƙa fitar da jadawali da wuri.

Sabon shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, wancan barcin na kafin fita aiki, da wane lokaci ya fi dacewa a yi shi, kuma na tsawon awa nawa?