Shawarwarin da muka tsayar kan sababbin finafinan Amurka

Daren Asabar mun daɗe muna hira, ga abin da aka fi yarda da shi. Fim ɗin faɗa da na almara a sinima ake kallonsu, a waya rabin daɗin ya tafi. Wanda ya kalli Dune kashi na biyu na 2024 ya ce rugugin ƙatuwar tsutsar yashi ta cikin fim ɗin har a kujerarsa ya ji shi. Sai dai a fara da na 2021, in ba haka ba labarin zai rikita mutum. Katun kuwa kada a raina shi: Inside Out 2 ya taɓa zuciyar manya ma, yadda ya nuna fargabar yarinya 'yar shekara 13. Ni abin da na fi riƙewa, a duba alamar shekaru kafin a tafi da yara, domin fim mai alamar PG-13 (wato a yi hattara da yara 'yan ƙasa da shekara 13) ba na ƙanana ba ne.