Neman shawara: ƙaramin otal a tsohon garin Santambul, ko babban otal a unguwar Taksim?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san Santambul. Muna shirin zuwa in Allah ya yarda, ni da maigida da mahaifiyata, amma maganar masauki ta raba mana kai. Ni na ga wani ɗan ƙaramin otal a Sultanahmet, cikin tsohon gari, irin tsofaffin gidajen nan da ake gyarawa a ƙawata, kowane ɗaki da nasa fasalin. Ɗakunan duka ba su kai ashirin ba. Hotunan kam sun tafi da ni: bangon dutse, katako mai sassaƙa, ga wurin karin kumallo a saman rufi ana hango teku. Shi kuma maigida ya fi son babban otal na sanannen kamfani a wajejen Taksim, wai gara abin da ya saba da shi. Kuɗin kusan ɗaya ne. Abin da ya sa nake jan ƙafa Mama ce. Gwiwa na damunta, ba ta jure doguwar tafiya, kuma duk burinta a tafiyar nan ta riƙa sallah a masallacin Aya Sofiya da na Sultan Ahmad. Wanne za mu kama?

Anti Rabi:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, in dai don Mama ne, unguwar da kika zaɓa ita ce daidai. Masallatan biyu kallon juna suke, fili da lambu ne kawai a tsakani. Daga Taksim kuwa sai kun gangara tashar Kabatash, ku shiga tiram, wato jirgin ƙasa na cikin gari, na layin T1, ku ƙetare gadar Galata, kuma da rana samun wurin zama a tiram ɗin sai an dace. Dattijuwa mai ciwon gwiwa za ta yi wannan sau ɗaya, washegari ta ce ku je kawai, ita tana ɗaki.

Sai dai unguwa daban, gidan da za ku kwana daban. Kafin ki biya ko sisi, ki rubuta musu ki tambayi lif. Kuma kar su ce miki akwai ki tsaya nan. Na taɓa sauka a wani irinsa, sun rubuta akwai lif, kuma ba ƙarya suka yi ba, amma sai ka hau matakala daga bakin titi kafin ka iso inda yake. Sannan a bene na ƙarshe yake tsayawa, rufin da ake karin kumallo sai ta wata siririyar matakala mai murɗiya. Wannan rufin da kika gani a hoto, ki tabbatar Mama za ta iya kaiwa gare shi, in ba haka ba ki tambaya ko za su riƙa kai mata abinci ɗaki. Ki kuma lura, a can in an ce hawa na ɗaya, bene ake nufi, ba ƙasa ba.

Sai tudu. Sultanahmet a kan tudu take, kuma ƙananan otal da yawa suna gangare ta ɓangaren teku, wajejen unguwannin Jankurtaran da Ƙaramar Aya Sofiya. A taswira za ki ga tafiyar minti biyar ce, amma hawa ne, kan titin da aka shimfiɗa da duwatsu. Ki buɗe Google Maps ki bi hanyar da idonki tun daga ƙofar otal har harabar masallaci.

Baban Khalifa:
Hajiya, ni ina bayan maigida. Babban otal za ki iso ko ƙarfe uku na dare ne, mota ta ajiye ki a bakin ƙofa, a ɗauke miki akwati, in famfo ya lalace a sauya miki ɗaki nan take. Otal mai ɗaki goma sha wani abu, in ya cika, da wane ɗaki za su sauya miki? Wasu ma ba kowa a wurin karɓar baƙi bayan sha biyun dare, sai dai a turo maka lambar buɗe ƙofa ta waya. Kuma filin jirgin Santambul yana da nisa da tsohon gari, ya haura kilomita 40. Bayan wannan doguwar tafiya direba ya tsaya a bakin lungu ya ce mota ba ta shiga, ku ja akwati a kan duwatsu da tsohuwa a gefe. A'a, ni dai ban ga ribar ba.

Anti Rabi:
Baban Khalifa, maganarka ta dare gaskiya ce, amma ai wannan dare ɗaya ne. Zirga-zirgar Taksim kuwa kullum ce, safe da yamma.

Malam Mai Zanen Gine-gine:
Bari in sa baki ta ɓangaren sana'ata, don abin da Anti ta faɗa yana da dalili. Tsohon garin Santambul ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 1985, kuma gidaje da yawa a unguwar suna cikin rajistar gine-ginen da hukuma ke karewa. Mai irin wannan gida ba ya da ikon rushe bango yadda ya ga dama, ko faɗaɗa matakala, ko huda benaye don ya saka babban lif. Dole ya tsara ɗakuna bisa yadda ya tarar da ginin. Shi ya sa a otal ɗaya za ki samu ɗaki mai faɗi da manyan tagogi, kusa da shi kuma wani ɗan tsukuku wanda tagarsa ke kallon bangon maƙwabta. Mai ɗaukar hoto kuwa ya san wanda zai ɗauka, kuma yana da kyamarar da ke sa ƙaramin wuri ya buɗe.

Don haka kar ki kama otal, ki kama ɗaki. Ki ce su turo miki hoton ainihin ɗakin da za su ba ku, da lambarsa, da girmansa. In kika ga murabba'in mita 12 zuwa 14, to gado da ɗan wurin ratsawa ne kawai, akwati biyu ba za su buɗu a lokaci guda ba, kuma shimfiɗa sallaya sai an yi dabara. Daga 20 zuwa sama mutum biyu za su sake.

Abu na biyu, kuma shi ne mutane ba sa tunawa sai sun shiga: banɗaki. Irin waɗannan otal masu ji da ƙawa, tun lokacin da Ian Schrager da Steve Rubell suka buɗe otal ɗin Morgans a New York a 1984 aka fara yayinsu, abin da suke sayarwa shi ne kar su yi kama da kowa. Wani lokaci abin ya yi kyau ƙwarai, wani lokaci kuma ya wuce gona da iri. Sai ka ga bangon banɗaki gilashi ne zalla, ko an dasa bahon wanka a tsakiyar ɗaki, ko ƙofar banɗakin ba ta rufuwa ruf. In akwai yiwuwar ki kwana ɗaki ɗaya da Mama, ki tambayi wannan ƙarara. Ga ita Mama kuma, wurin wanka na tsaye wanda ake shiga kai tsaye ya fi mata baho mai tsayin baki da sai an ɗaga ƙafa. Fitilu ma haka, suna son haske mai duhu-duhu don ya yi kyau a hoto, dattijo kuwa yana son ya ga inda yake taka ƙafa.

Na ukun sauti. Gidan da benensa na katako ne, takun wanda ke samanki kamar a kanki yake. Wannan ba gyara gare shi ba, sai dai ki nemi ɗakin da ba kowa a sama, ko wanda ba ya jikin matakala.

Duk da haka ni kaina irinsu nake nema in na yi tafiya. Babban otal, da zarar ka ja labule ba ka san a wace ƙasa kake ba.

Ummu Sadik:
Malam ya gama magana. Mu a Fas ta Maroko muka ga irin wannan, a gidajen da suke kira riyad, ɗakuna kewaye da tsakar gida, tagogi duk ciki suke kallo. Kyau kam ba a magana, masu gidan kuma kamar 'yan'uwa, har sun san wanda ba ya shan sukari a shayi. Amma wanda ya yi tari a tsakar gida kowa ya ji. Can ma mota ba ta shiga tsohon garin sam, a bakin ƙofar gari ake sauke ka, mai kura ya tura kaya. Santambul ba ta kai haka ba, yawancin titunan mota na bi. Ki dai ce otal ɗin su turo direbansu ya ɗauko ku daga filin jirgi, shi ya san lungun da zai bi ya kai ku har ƙofa.

Yaya Sani:
Ki duba ko a kan titin Akbiyik yake ko kusa da shi. Titin cike yake da gidajen cin abinci, kujeru har waje, ana hira da kiɗa har dare ya yi nisa. In nan ne, ki nemi ɗakin baya. Za ki ga Turawa suna ƙorafin kiran sallar asuba a sharhin da suke rubutawa kan otal, wannan ki tsallake, ga Mama ai abin nema ne. Masallacin Sultan Ahmad hasumiya shida gare shi, kuma za ta ji ladanansa da na Aya Sofiya suna karɓa wa juna.

Baban Khalifa:
To tunda an yi mini taron dangi, ga tawa ta ƙarshe. In kin nace, kar ki ɗauki farashin nan mai rahusa wanda ba a mayar da kuɗi in an fasa. Ƙananan otal sun fi tsanani a kan wannan, don ɗaki ɗaya da ya kwana ba kowa asara ce babba a wurinsu. Ki ƙara ɗan abin da za ki ƙara ki ɗauki wanda ake iya sokewa, musamman in bizarku ba ta fito ba. Ki tambaya ko harajin masauki yana cikin kuɗin da suka rubuta. Sharhin baƙi kuma, ki bar masu yabo, ki karanta na waɗanda suka ba da maki kaɗan a 'yan watannin nan. In mutum uku da ba su san juna ba suka ambaci warin danshi ko ƙarancin ruwan zafi, to akwai shi.

Maman Ilham:
Kai, Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Na rubuta musu duk tambayoyin, sun amsa da wuri kuma ba su yi ɓoye-ɓoye ba. Akwai lif, amma kamar yadda Anti ta faɗa, bai kai rufi ba. Sun ce suna da ɗaki ɗaya a ƙasa, ba matakala daga titi, wurin wankansa na tsaye ne, kuma za su riƙa kawo wa Mama karin kumallo. Tagarsa dai lungu take kallo, ba teku ba, Mama ta ce ita ba kallon ruwa zai kai ta ba. Ɗakin da ya ruɗe ni a hoto kuwa, Malam, ka canka, banɗakinsa gilashi ne, don haka mun nemi wani a bene na biyu ta baya. Na bi hanyar a taswira, akwai ɗan hawa amma gajere. Maigida ya yarda, bisa sharaɗin mu ɗauki wanda ake iya sokewa, Baban Khalifa ka samu ɗan'uwa.

Saura abu ɗaya. Na ji an ce yanzu biya ake kafin a shiga Aya Sofiya, har da masu sallah?

Anti Rabi:
A'a ƙanwata. Tun 2020 aka mayar da shi masallaci, kuma daga 2024 aka ware wa 'yan yawon buɗe ido ƙofarsu, su ne ke biya su hau benen sama. Mai sallah ta ƙasa yake shiga, ba ya biyan komai. Ranar Juma'a dai ku fita da wuri sosai don Mama ta samu wuri kafin cunkoso, kuma ki riƙe mata 'yar kujerar nan mai naɗewa in a zaune take sallah.