Allura iri ɗaya aka yi mamu ni da ƙanena, nashi jikin ya amsa nawa ya yi shiru

Maman Biyu, Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum jama'a. Bayan rasuwar yayanmu da sankarar hanta likita ya ce duk gidan a gwada mu, aka samu ni da ƙanena ba mu ɗauke da ciwon hanta nau'in B, sai aka ce mu yi rigakafi guda ukku cikin wata shida. Rana ɗaya muke zuwa, mai allurar ma ɗaya. Wata biyu da gamawa aka ɗebi jininmu a ga ko jiki ya karɓa, awon garkuwar jikinshi ya haura 100, ni ko 10 ɗin da ake nema ban kai ba, wai sai na sake daga farko. Wlh raina ya ɓaci. Akwai wanda haka ta faru da shi?

Nas Ɗan Daura:
Allah ya jiƙan yaya. Hajiya kar ki damu, ni kaina haka ta faru da ni lokacin muna makarantar koyon jinya, sai zagaye na biyu ya kama. Allurar ba ita ke yaƙin ba, nuna ma sojojin jiki hoton ɓarawo kawai take, to wani jikin kallo ɗaya ya haddace wani sai an maimaita mashi. Shekaru in sun haura 40, ƙiba, taba, ciwon suga ko ƙoda duk suna rage amsawa. Kuma tana da amfani fa, Taiwan tun 1984 suka fara yi ma jarirai, sankarar hanta a yara ta yi ƙasa sosai.

Abu Hanifa na Sabuwar Unguwa:
Mu namu daban ne. Babanmu sankarar mafitsara gare shi, bayan an kankare ƙarin a Masar sai suka ce za su riƙa zuba mashi BCG ta robar fitsari, eh wannan dai da ake ma jarirai a kafaɗa saboda tarin fuka, sati sati har shida, ya riƙe awa biyu kafin ya yi fitsari. Daga na ukku zazzaɓi da zafin fitsari suka sa shi gaba, tsoho ya riƙa kwana da buta a hannu yana cewa a maida shi Katsina ya mutu a ɗakinshi. Likitan ya ce dama so ake a tsokano garkuwar jiki ta afka ma wurin, amma in zazzaɓin ya wuce kwana biyu mu dawo da gudu. Alhamdulillah shekara biyu kenan ana leƙawa ba a ga komai ba, amma wani da muka zauna masauki ɗaya nashi ya dawo.

Malama Uwar Ɗalibai:
Allah ya ƙara ma Baba lafiya. Ni ta sankarar bakin mahaifa na sani, da aka kawo ta nan a 2024 don 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Uwar mijina ta ce atafau ta hana haihuwa ce, sai da na kai ruwa rana. Da aka yi ma 'yata, hannu ya yi tsami kwana ɗaya shikenan. Mai allurar ta ce mani a wannan shekarun jiki ya fi amsawa.

Nas Ɗan Daura:
Gaskiya ta faɗa maki Malama. Kuma ku bambance, ta ciwon hanta da ta bakin mahaifa tare ƙwayar cuta suke kafin daji ya fito. Akwai wadda ake haɗa ma mai ciwon daga ƙarin da aka cire mashi, an gwada a Niyok ta Amurka kan sankarar fankiriyas (wani sashe ne a ciki mai daidaita suga a jini), sakamakon ya fito 2023, mutum 16 ne takwas jikinsu ya amsa takwas bai amsa ba, kuma waɗanda ya amsa ɗin sun fi daɗewa ciwon bai dawo ba. Gwaji ne har yanzu, duk wanda ya ce maku yana da ita a kemis ɗan damfara ne.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai. To ni suga gare ni kuma na ba 40 baya. Amma Nas, ni a ɗuwawu aka yi mani duka ukkun don na ce hannu na mani ciwo, ƙanena kuwa a dantse.

Nas Ɗan Daura:
Ikon Allah! Hajiya ai da kin fara da wannan, kitsen wurin kan hana ta aiki yadda ya kamata. Wannan karon ki miƙa dantse, kuma ki faɗa ma likitan inda aka yi maki ta farko.