Abin da muka tattauna kan katunan wasan Pokémon masu ƙyalli

1. Kowa ya yarda: duba alamar da ke ƙasan kati don sanin wuyar samunsa. Da'ira na kowa ne, lu'ulu'u ya ɗan fi wuyar samu, tauraro kuwa ba kasafai ake samunsa ba.

2. Ƙyallin da aka fi gani iri biyu ne. Wani a kan hoton kawai yake, wani kuma ko'ina ban da hoton.

3. Lanƙwashewa ce aka fi kuka da ita. Takarda tana shan laima, fatar ƙyallin ba ta sha. Da damina katin yakan karkata gefe ɗaya, hunturun Zariya ya juya shi ɗaya gefen. A sa shi a leda, sannan cikin roba mai ƙarfi, nesa da rana.

4. An rabu kan danne shi da littafi. Wasu sun ce yana miƙewa, wasu sun ce kwana biyu ya koma.