Neman shawara: aikina yana maƙalewa a gindin kwanon rezin maimakon ya kama faranti

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta hana ni sukuni. Ina da ƙaramar firintar 3D mai aiki da rezin, irin wadda haske ke tasowa daga sikirin ta gindin kwano yana daskarar da ruwan rezin ɗin hawa bayan hawa. Ta hannu ce, na saye ta a wurin wani abokina da ya tafi karatu ƙasar waje, ya kuma haɗa mini da kwalaben rezin biyu, ɗaya buɗaɗɗiya ɗaya ba a taɓa ba. Ni malamin makaranta ne a nan Kano, sha'awa ce kawai ta kai ni wannan harka. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne, za a aurar da ƙanwata a ƙarshen wata mai zuwa, kuma a gaban mahaifiyarmu da ƙannen mahaifinmu na buɗe baki na ce ni zan ɗauki nauyin kayan rabon biki, wato 'yan maƙalan mabuɗi masu siffar Dagin Arewa da sunan ango da amarya a bayansu, da kuma wata ƙaramar ƙofar gari mai zankwaye da za a ɗora a teburin amarya. Mahaifiyarmu ta riga ta yi wa ƙawayenta albishir, har ta hana a yi odar kofuna da mafitai kamar yadda aka yi a bikin yayarmu, saboda haka babu hanyar janyewa ba tare da jin kunya ba.

A watan Oktoba na gwada, abin ya fito lafiya lau. Yanzu kuwa idan na kunna da dare, da asuba sai in tarar faranti, wato ƙarfen da aikin ya kamata ya manne masa, ya hau sama babu komai a jikinsa, sai wani ɓawo siriri manne a ledar gindin kwano. Wani lokaci rabin dagin ya fito, rabin ya sulluɓe. 'Yan kaɗan da suka fito cikakku suna danƙo a hannu, wani farin abu yana fitowa a lungunansu bayan na shanya su a rana. Ƙofar garin kuma ta fito da kyau, amma bayan kwanaki ta tsage ta gefe, ruwa mai wari ya tsatso. Ban canza komai a saitin ba. Don Allah me zan yi?

Wani ɗalibin injiniya daga Zariya:

Wa alaikumus salam Malam. Ka ba mu labarin biki amma ba ka ba mu lambobi ba. Daƙiƙa nawa na haske ka sa wa hawan farko-farko, nawa ka sa wa sauran, kuma kaurin kowane hawa nawa ne? Wane irin rezin ne, na gama-gari ko wanda ake wankewa da ruwa? A ina firintar take a cikin gidan? Idan ba mu san waɗannan ba, duk abin da za mu faɗa lalube ne.

Wani mai gyaran waya daga Kano:

Malam, ba sai an wahalar da kai da tambayoyi ba, matsalarka a bayyane take. Farantinka ya goce. Duk wanda aikinsa ya manne a leda ya bar faranti, to tazarar da ke tsakanin faranti da sikirin ce ta lalace, babu wani dalili na biyu. Ka cire kwanon, ka sassauta notikan faranti da alanki, ka shimfiɗa farar takarda ɗaya a kan sikirin, ka sauko da farantin har ƙasa, ka danne shi da hannu ta ko'ina daidai sannan ka ɗaure notikan, har sai takardar tana jawuwa da ɗan ƙarfi ta kowace kusurwa. Bayan haka ka goge fuskar farantin da sanfefa domin ta yi kaushi, ka ɗaga hasken hawan farko zuwa daƙiƙa 80. Na gyara wa mutane da yawa irin wannan, kuma ban taɓa ganin ta ƙi ba.

Mai tambaya:

Na gode Oga. Amma farantin a daidai yake, domin abokina ne ya saita shi da hannunsa kafin ya tafi, kuma ya fi ni sanin na'urar nesa ba kusa ba. Ba na son in taɓa notikan in lalata abin da yake daidai. Ɗan'uwa na Zariya, saitin da ya bar mini ne nake amfani da shi, kaurin hawa milimita 0.05, sauran lambobin zan duba idan na koma gida. Firintar a soro take, saboda uwargida ba ta son warin a cikin gida, kuma da dare nake kunnawa domin lokacin ne muke samun wuta.

Wata 'yar'uwa daga Jos:

Malam, amsarka tana cikin maganarka ta ƙarshe. Soro, da dare, a tsakiyar hunturu. Yawancin rezin ana son a yi aiki da shi ne tsakanin digiri 20 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas, kuma idan sanyi ya sauka ƙasa da haka sai ya yi kauri kamar zumar da ta kwana a waje. Idan ya yi kauri abu biyu ke faruwa: ba ya saurin malalowa ya cike gurbin da faranti ya bari idan ya ɗaga, sannan hasken da ya ishe shi daskarewa a Oktoba ba zai ishe shi yanzu ba. Shi ya sa ba ka canza komai ba amma sakamako ya canza, yanayi ne ya canza maka. Mu a nan mun saba da wannan. Ka tsoma kwalbar a rufe cikin ruwan ɗumi na ɗan lokaci, ka girgiza ta sosai domin launin yana kwanciya a ƙasa, ka rufe tagar soron, ka rage saurin ɗagawar faranti, ka kuma ƙara ɗan jinkiri kafin haske ya kunnu. Hawan farko daƙiƙa 30 zuwa 40 ya wadatar a sikirin mono, wato marar launuka. Ban yarda da daƙiƙa 80 ba, zai sa gindin aikin ya baje, ya kama faranti har sai ka fasa shi wajen kankarowa, ga zafin da zai tara wa sikirin.

Mai gyaran waya daga Kano:

Hajiya, da girmamawa, sanyin Jos daban, na Kano daban. Ni a shagona nake bugawa rani da damina da hunturu, ban taɓa dafa wa rezin ruwa ba. Kuma Malam, maganar cewa abokinka ya saita ba hujja ba ce, domin an ɗauko na'urar daga gidansa zuwa naka, ta sha girgiza a hanya, kuma duk lokacin da ka sa ƙarfe ka kankare aiki kana ɗan motsa farantin. Saitin faranti ba abu ne da ake yi sau ɗaya a rayuwa ba. Game da danƙo da farin nan, ina da tabbacin da sifirit ɗin kemis kake wankewa. Ka duba jikin robar, idan kashi 70 aka rubuta, to sauran ruwa ne. Ka nemi isofurofil mai kashi 99 irin wanda muke wanke bod ɗin waya da shi, ka wanke a roba biyu, ta farko mai datti ta biyu mai tsabta, kuma ka bari ya bushe ƙarau kafin ka kai shi rana. Shanya shi da danshi ne ke kawo farin.

Wani memba daga Maraɗi:

Ku da kuke samun isofurofil ku gode wa Allah. Ni kwalbar rezin ɗaya na yi oda, ta yi makonni a hanya, ta iso murfinta ya saki ta jiƙa kwali, mai kawowa ya ce ba ruwansa. Da na buɗe, rabinta ta yi gudaji saboda ta sha rana a saman mota. Kuɗin kawowa ya kusa kai kuɗin kayan. Malam, ni ina zargin buɗaɗɗiyar kwalbar da abokinka ya bar maka, domin rezin yana da wa'adi, kuma ba ka san tun yaushe take ajiye ba.

Ɗalibin injiniya daga Zariya:

Babu wanda ya taɓo maganar ƙofar da ta tsage, kuma ita ba ta da alaƙa da faranti ko sanyi. Ina kyautata zaton ka rarake cikinta a manhajar da ke yanka zane hawa-hawa domin ka rage cin rezin, amma ba ka huda mata ramuka ba. Ɗanyen rezin ya maƙale a ciki inda haske ba ya kaiwa, yana cin bangon a hankali har ya fasa shi. Duk abin da aka rarake yana bukatar aƙalla rami biyu, na kamar milimita 3, ɗaya kusa da faranti, domin iska ta shiga, ruwa ya fita, a kuma samu wanke cikin. Dagin kuma, idan a kwance kake shimfiɗa su da yawa a faranti, kowane hawa yana da faɗi ƙwarai, ledar tana riƙe shi da ƙarfin da ya fi na faranti. Ka ɗan karkata su ka sa musu tokara, ko ka rage yawansu. Abu mafi muhimmanci: duk lokacin da aiki ya faɗi, ka tace rezin ɗin da ke kwano kafin ka sake kunnawa, domin ɓarɓashi ɗaya mai tauri zai iya huda ledar gindin kwano, wadda ake kira FEP, idan faranti ya danne shi, rezin ya zubo a kan sikirin.

Wata mai haɗa kayan ado daga Kaduna:

Kowa yana maganar na'ura, ni kalmar "danƙo a hannu" ce ta tsaya mini. Malam, da hannu tsirara kake taɓawa? Ni haka na yi sakaci da farko, yanzu ko ƙamshinsa na ji sai yatsuna su yi ƙaiƙayi su yi ja, kuma irin wannan idan ta kama jiki ba ta cika saki ba. Ka sa safar hannu ta naitiril. Kada ka zubar da ruwan wankin a kwata, ka bar shi a rana rezin ɗin ya daskare tukuna. Kuma ka tuna abin da za ka raba yara za su ɗauka su sa a baki, saboda haka wanda yake danƙo bai cancanci ya fita daga gidanka ba.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai da gaske, Allah Ya saka da alheri. Sai dai akwai abubuwan da nake ganin ba a fahimce ni ba. Sifirit ɗin da nake amfani da shi, shi ne dai na wanke na Oktoba da shi kuma bai yi fari ba. Kwalbar rezin kuma ban ga gudaji a cikinta ba, kuma ba ni da halin sayen sabuwa a wannan watan da hidimar biki ta sha kaina. Maganar karkatawa, idan na sa tokara za ta ɓata wurin da sunan amarya yake, idan kuma na rage yawansu ba zan gama kafin ranar ba. Shigar da firintar cikin ɗaki ma ba zai yiwu ba. Babu wata lamba ɗaya da zan canza a saitin abin ya wuce?

Mai gyaran waya daga Kano:

Na ba ka lambar tun ɗazu, daƙiƙa 80, amma sai ka saita faranti. Idan kana tsoron notikan, ka ɗauko na'urar ka kawo mini shago ranar Asabar in yi maka a gabanka.

'Yar'uwa daga Jos:

Idan ya kai maka shago da rana tsaka za ta yi aiki ko ba ka taɓa noti ɗaya ba, sai ka ce kai ka gyara, ya koma soro da dare ta sake faɗuwa. Malam, har yanzu ba ka turo mana sauran lambobin ba, kuma ba ka faɗi irin rezin ɗin ba.

Mai tambaya:

Takardar jikin kwalbar ta goge, sai dai in tambayi abokina idan ya hau layi. An kawo wuta yanzu, na sake kunnawa da saitin da yake kai in gani ko za a dace, zan sanar da ku da safe in sha Allahu.