Labarin Sarkin Tonga ya hana ni barci: a faɗa wa Baba rasuwar ɗan ƙaninsa ko a ɓoye masa?

Ɗan Kawo:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗau zafi.

Daren jiya ina zaune a barandar asibiti nan Kaduna inda muke jinyar Babanmu, barci ya ƙi zuwa ina ta latse-latsen waya sai na faɗa kan labarin sarkin wata ƙasa wai ita Tonga, can cikin tsibiran tekun Fasifik. Sunansa Taufa'ahau Tupou na huɗu. Ranar 4 ga Yulin 2006 ya cika shekara 88 ga ciwo ya ci jikinsa, ranar 5 ga wata kuma ɗan ƙaninsa Yarima Tu'ipelehake da matarsa Gimbiya Kaimana da matar da ke tuƙa su duk suka mutu a hatsarin mota a Kalifoniya ta Amurka, wata yarinya 'yar shekara 18 ce ta buge motarsu. Ranar 10 ga Satumba shi ma sarkin ya cika a asibiti a Okland ta Niyu Zilan. Wata biyu da 'yan kwanaki kawai tsakani. Wallahi da na kai nan sai na kife wayar, jikina ya yi sanyi.

Dalili kuwa, irin abin da ke gidanmu ke nan yau. Baba ya haura tamanin, zuciya da ƙoda ke damunsa, sati uku muna kwance. Yau kwana biyar Yayanmu ya rasu a hatsari a hanyar Zariya. Ɗan Baffa ne, ƙanin Baba, amma tun yana shekara shida da Baffa ya rasu Baba ya ɗauko shi, a ɗakin Mama ya tashi, ni sai da na yi wayo ma na san ba cikinmu ɗaya ba. Shi ne duk Juma'a in an sauko masallaci yake zuwa ya zauna a ƙasa ya ɗora ƙafar Baba a cinyarsa ya yanke masa farce suna ta hirar kasuwa. An yi jana'iza an kai shi Baba bai sani ba. Kullum sai ya tambaya, mu ce ya tafi Legas sarin kaya. Goggo ta ce duk wanda ya faɗa masa shi ya kashe shi, Mama kuma ta ce ita ta gaji da shiga banɗaki tana kuka tana wanke fuska kafin ta shigo ɗakin. Jibi Juma'a.

To tambayata biyu ce. Wanda ya san tarihin sarkin nan, baƙin cikin rasuwar nan ne ya ƙarasa shi? Sannan in ku ne ya za ku yi?

Malamin Tarihi, Unguwar Rimi:

Wa alaikumussalam ƙanena. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya jiƙan Yayanku ya ba Baba lafiya.

Kada ka ɗora lissafinka a kan wata biyun nan, zai ruɗe ka. Sarkin nan tun kafin hatsarin ya daɗe yana jinya a Niyu Zilan. Mutum ne mai girman jiki na ban mamaki, a 1976 an auna shi ya haura kilo 200 har aka sa shi cikin kundin Guinness a matsayin sarkin da ya fi kowane sarki nauyi a duniya, daga baya ne ya dage da motsa jiki yana hawa keke yana jan talakawansa su rage ƙiba, ya kuma rage sosai. Amma zuciyar da ta ɗauki wannan kaya shekara da shekaru har ta kai 88 ai ta yi ƙoƙari. Kuma ba wannan ne rashinsa na farko ba, a 2004 ya binne ɗansa na cikinsa, Ma'atu, ya kuma rayu sama da shekara biyu bayan haka. Ƙaninsa ma, wato uban shi yariman da ya yi hatsari, wanda ya yi masa firaminista daga 1965 har 1991, ya riga shi tafiya tun 1999.

Ya hau mulki 1965 bayan rasuwar mahaifiyarsa Sarauniya Salote, shekara 41 yana kai. Ka kwatanta da namu, marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris ya yi 45, marigayi Ado Bayero ya haura 50. Bambancin shi ne a lokacin nasu sarkin shi ne ƙasar gaba ɗaya, ba gwamna a samansa, shi ke naɗa ministoci. Ƙasar kuma 'yar ƙarama ce, tsibirai wajen 170 amma mutanenta a lokacin dubu ɗari da 'yan kai ne, na tabbata Rigasa kaɗai ta fi su jama'a.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne ranar 15 ga Agustan 2006, firaministansu Feleti Sevele ya katse shirye-shiryen rediyo da talabijin ya shaida wa mutane cewa jikin sarki ya yi tsanani a asibitin Mercy, a sa shi a addu'a. A wannan ranar ce kuma Sarauniyar Mawori, wato 'yan asalin ƙasar Niyu Zilan, Te Atairangikaahu, ta rasu bayan shekara 40 a kan sarauta. Shekara ce mai nauyi ga mutanen yankin nan. Mu ma nan ai ba mu tsira ba, watan Oktoban 2006 ne jirgin ADC ya faɗi a Abuja da Sarkin Musulmi Maccido da ɗansa da jikansa.

Hajiyar Tudun Wada:

Ɗana, Allah ya ba ku haƙuri. Ni ban san Tonga ba sai yau amma na san abin da kake ciki don na yi shi da hannuna kuma har gobe ina nadama.

Lokacin da ƙanena ya rasu Innarmu tana kwance da shanyewar ɓarin jiki, muka haɗa baki muka ce kar a faɗa mata sai ta ji sauƙi. Wata guda cur muna mata ƙarya. Ranar nan wata maƙwabciya ta shigo dubiya, ba ta san an ɓoye ba, daga zamanta sai ta ce Inna ya ƙarin haƙuri, Allah ya sa ya huta. Ina tsaye riƙe da kofin kunu. Inna ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba, juyowa kawai ta yi ta dube ni, wannan kallon har yau in na rufe ido ina ganinsa. Daga baya abin da ta ce min shi ne kun hana ni yi wa ɗana addu'a kwana talatin, ina nan ina roƙa masa kasuwa alhali yana kabari yana buƙatar gafara. Ta ƙara shekara uku a duniya, labarin bai kashe ta ba, amma daga ranar ko cewa na yi ruwa ya sauka a waje sai ta aiki jika ya leƙa ya gani.

Asibiti kuke fa, 'yan dubiya na shiga suna fita, wani daga ƙauye zai zo, wani abokin kasuwa zai zo, bakin mutum nawa za ku toshe? Ku gaya masa da bakinku. Kuma ka ji tausayin Mamanka, ita ma ɗa ta rasa, an hana ta zaman makoki an sa ta murmushin dole.

Baban Yara, Rigasa:

Hajiya ki yi haƙuri ni dai ban goyi bayan nan ba. Kowane tsoho da irin zuciyarsa. Annabi Yakubu fa Annabi ne amma baƙin cikin rabuwa da Yusuf sai da ya sa idanunsa suka yi fari, to ina ga Baba mai ciwon zuciya? Goggonku ba mugunta take yi ba, ɗan'uwanta take tsoron rasawa, ta rasa ƙani ta rasa ɗansa yanzu kuma a ce ta zuba ido a kan yayanta. Ni a ganina a jira a sallame shi ya koma gida ya ɗan yi ƙwari. Addu'a kuwa ku kuna yi masa ai, ba za ta yanke ba.

Malam kuma maganar sarkin nan, ko da ciwo ya riga ya ci shi ai ba za a ce rashin bai taɓa shi ba. Icen da gara ta cinye iska kaɗan ke kayar da shi.

Sista Nas, Barnawa:

Sannu Ɗan Kawo, ya mai jiki? Ni aikin jinya nake yi shekaru da dama kuma wannan rigimar kusan duk wata sai na gan ta a ɗakin maza ko na mata.

Baban Yara yana da gaskiya ta wani ɓangare. Mummunan labari kwatsam yana iya tayar da hawan jini ya hargitsa bugun zuciya, akwai ma wani ciwo da likitocin Japan suka fara bayaninsa wajen 1990 suna ce masa takotsubo, tsokar zuciya ke yin rauni bayan firgici mai tsanani, ya fi kama mata masu shekaru. To amma abin da dangi ba sa lura da shi, ɓoyewar ma tana da nata nauyin. Tsoho yana kwance ba abin da yake yi sai karanta fuskokinku, ya ga ana raɗa a bakin ƙofa, ya ga idon matarsa ya kumbura, an ɗauke masa waya an ce ta lalace, sai ya fara saƙe-saƙe, wani ya ɗauka shi ne likita ya ce ba zai tashi ba, ya daina cin abinci ya daina barci, mu kuma muna ta mamakin me ya sa awon jininsa ya ƙi sauka.

Shawarata ka sami likitan da ke duba shi gobe da safe lokacin zagaye, ka ja shi gefe ka gaya masa komai. In ya ce jikin zai ɗauka to a yi da safe bayan ya karya ya sha maganinsa, ba da dare ba, nas tana kusa da abin awo. Kada ku cika ɗakin, mutum biyu ko uku sun isa, a samo wanda Baba ke jin nauyinsa, amininsa ko limamin unguwarku. A fara da cewa an yi hatsari, a ɗan saurara, shi da kansa zai tambaya. In ya yi kuka ku bar shi ya yi, kar a yi ta ce masa ya yi shiru. In kuma likita ya ce a dakata kwana biyu to ku dakata, amma ku daina ƙara sabuwar ƙarya kan ta Legas.

Malamin Tarihi, Unguwar Rimi:

Baban Yara ban ce bai taɓa shi ba, cewa na yi kada yaron nan ya ɗauki kwanan wata biyu ya yanke hukunci a kan mahaifinsa. Kuma rashin yariman nan ba gidan sarauta kaɗai ya girgiza ba. Shi ne talakawa ke kira yariman jama'a, a 2005 da ma'aikatan gwamnati suka yi dogon yajin aiki ya fito ya shiga gaban masu zanga-zanga zuwa fada, kuma abin da ya kai shi Amurka ma jin ra'ayin 'yan Tonga mazauna can ne kan gyaran tsarin mulki, don shi ke shugabantar kwamitin. Mutumin da yake jinin sarauta kuma talaka ya yarda da shi, ga shi ya tafi, sarki ya bi bayansa, ranar 16 ga Nuwamban 2006 matasa suka cinna wa tsakiyar babban birninsu Nuku'alofa wuta, aka yi asarar rayuka. Sai 2010 aka yi zaɓen da talakawa suka zaɓi mafi yawan 'yan majalisa, bayan ɗan sarkin da ya gaje shi, George Tupou na biyar, ya yarda ya saki yawancin ikonsa.

Su a al'adarsu ma makoki ba ya ɓoyuwa, baƙaƙen kaya ake sawa a ɗaura tabarma a ƙugu, ta'ovala suke ce mata, kuma girman tabarmar da tsufanta suna nuna matsayinka a wurin mamacin. Daga nesa za ka gane gidan da aka yi rashi.

Ɗan Kawo:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Hajiya maganarki na karanta wa Goggo a waya, ta yi shiru ta daɗe sannan ta ce to a yi amma ita ba za ta shiga ɗakin ba.

Likita ya amince, jiya Juma'a da hantsi muka faɗa masa, ni da Mama da amininsa da suka yi aikin masaƙa tare a Kakuri tun suna samari. Alhajin ne ya yi maganar. Baba ya yi salati sau uku, sai ya tambaya wa ya yi masa wanka, wa ya ja sallah, a wace maƙabarta, ana binsa bashi? Duk muka ba shi amsa. Sai ya juyo wurina ya ce kwana nawa, na ce bakwai. Ya ce kwana bakwai kuna ce min Legas. Bai ƙara yi min magana ba har la'asar.

Da dare jinin ya hau sosai sai da aka ƙara masa magani, yau da safe ya sauka. Abinci dai cokali uku ya ci. Mama kuwa jiya ta yi kukanta a gabansa shi yana ba ta haƙuri. Ya ce a kawo masa yaran marigayin gobe, su uku ne, babbar tana aji biyu a sakandare, kuma ya ce kada matar ta bar gidan, a nan za ta yi takaba.

Ɗazu na ɗauko abin yankan farcen na zauna a ƙasa na ɗora ƙafarsa a cinyata. Ya bar ni na yi guda biyu sai ya janye ƙafar ya ce a bari sai wani lokaci. Ku ci gaba da sa mu a addu'a don Allah, ranar Litinin za a sake gwajin ƙodar.