Wace kalma za mu ba "fin" na allon zamiya da iska?

'Yan uwa masana harshe, ga wata kalma da ke neman suna. A wasan zamiya kan ruwa da allo mai ƙyallen kama iska, wanda ya shiga gasar Olamfik a 1984 a Los Anjalis, akwai wani siririn abu da ake ɗaurawa a ƙarƙashin allon ta baya. Turawa na ce masa "fin".

An kawo wutsiya, an kawo sitiyari. Sitiyari dai bai shiga ba, domin abin a kafe yake, ba ya juyawa. Da ƙafa da karkata ƙyalle ake sarrafa allo. Wutsiya kuwa wurin zamansa kawai ta faɗa, ba aikinsa ba. Wani malami ya ce takobi, kuma a ido ya yi kama, amma yanka ruwa ba shi ne muhimmin aikin ba.

Ni fiffike na zaɓa. Iska na tura allon gefe, shi kuma yana turjewa har ƙarfin ya koma tafiya gaba. Idan ka yanka shi a tsakiya ka dubi bakin yankan, gabansa mai kauri ne a dunƙule, bayansa ya sirance, irin ƙirar fiffiken jirgin sama, sai dai shi ɓangarorinsa biyu daidai suke.

Ƙirarsa ma ta ba mu sunaye a sauƙaƙe. Akwai na G10: ƙyallen zaren gilashi ne ake jerawa hawa-hawa, a jiƙa da danƙon ifoksi, a danne da zafi har ya zama fale-falen allo mai tauri, sannan inji mai bin umarnin kwamfuta ya sassaƙe shi. Duba jikinsa da kyau, za ka ga layukan hawan sun fito zagaye-zagaye. Idan ya daki dutse ya ɓantare, ana iya goge bakin da samfefa ya koma aiki. Wannan sai mu ce ɗan sassaƙa. Na zaren kabon kuwa a cikin mazubi ake shimfiɗa shi, maƙerin ya zaɓi inda zai lanƙwasa da inda zai sandare. Ya fi tsada, 'yan tsere ne suka fi nemansa. Shi ne ɗan zubi. Na roba na masu koyo ne, ba ya buƙatar dogon bayani.

Tsawonsa ya danganta da wasan: na hawa igiyar ruwa bai cika wuce santimita 25 ba, na Formula, wato faffaɗan allon tsere, yana kai 70.

Ramin da ake cusa gindinsa a ɗaure da ƙusa, mu ce gurbi. Sunayen ire-irensa, su Tuttle da Power Box, a bar su yadda suke.

Saura guda. Wani lokaci iska kan shiga gefen fiffiken, ya saki ruwa, sai ɓangaren baya na allon ya zame gefe ba shiri. Ni suɓucewa nake gani, wasu sun ce kufcewa. Malamai, wanne ya fi zama a baki?